Albasar Liba a Rudu Uku

Shekara biyu Inna tana kiwon wani bijimin sa a bayan ɗakinta. Dusa, harawa, ruwan kanwa, duk da hannunta. Ranar da aka ja shi zuwa kasuwar Jega aka sayar, ko abincin rana ba ta ci ba. Bayan la'asar ta kira ni, ta ajiye kuɗin a gabana cikin baƙar leda.

"Auta, ga shi. Kai kac ce ka iya."

Ni na ce na iya, ba wanda ya tilasta ni.

Shekara uku ke nan da na gama sakandare. Sau biyu na zauna jarrabawar shiga jami'a, sau biyu ban ga sunana ba. Ina tsaron shagon cajin waya a bakin tasha, na wani mutum Idris. In motar Aliero ta cika da ɗaliban jami'a da jakunkunansu, sai na juya baya na shiga gyara wayoyin da ba su buƙatar gyara.

Yayana Usama direban babbar mota ne, yana kai albasa Kudu. Tun bara ya ce akwai wuri a motarsa, lodi da sauke kaya. Ya ce in damina ta faɗi ba ni da sana'ar kaina, to na ɗauko jakata. Inna ba ta son 'ya'yanta biyu duka a kan titi. Shi ya sa ta rabu da san.

A shagon na gamu da darasin. Wata mata ce ke koyarwa a waya, da Turanci, kan yadda mai zuba jari zai kula da haɗarin da ke jiran kuɗinsa. Darasi goma sha biyu ne. Tana magana da sauri, sai na saurari abu ɗaya sau huɗu kafin ya zauna. Na samo tsohon littafina na lissafi mai sauran shafuka, ina juya abin da ta faɗa zuwa Hausa, don da Turancin ba ya zama mini a kai. Abin da ya fi kama ni shi ne cewar da ta yi, kafin ka tambayi ribar da za ka samu, fara tambayar abin da zai iya kashe jarin. Ka rubuta su. Kowanne ka nemo masa magani tun bai zo ba.

Ba wanda na taɓa ji ya yi magana haka a garinmu. A nan in mutum ya yi asara sai a ce Allah ya mayar da alheri, a tashi.

Akwai majalisa a gindin dogonyaro kusa da shagon. Mas'ud ne mai baki a cikinsu, tare muka yi aji.

"Farfesa! Yau mi matarka ta cikin waya tac ce?"

"Ku bar shi, shina karatun yadda aka tsoron kuɗi. Mu da ba mu da su ai mun huta."

Suka yi dariya. Na mayar da abin saurare kunne. Tun ina jin zafi har na daina, sai dai na daina gaya wa kowa komai.

Shirina ba sabo ba ne, kowa a ƙasar nan ya san shi. Ka sayi albasa da rani lokacin da ta cika kasuwa, ka zuba a rudu, ka jira damina ta yi nisa albasar ta yi tsada. Rudu rumbun albasa ne na kara da ciyawa, a ɗage kan itace don iska ta ratsa ta ƙasa. Abin da na ƙara nawa shi ne takardar. Na ja layi na rubuta abubuwa huɗu: wuta, ɓarawo, ruwan sama, faɗuwar farashi. Ukun farko maganinsu ɗaya, kada kayan su zauna wuri guda. In rudu ɗaya ya ƙone, biyu na nan. Na huɗun kuma, zan riƙa sayarwa kashi-kashi, ba rana ɗaya ba. Kwana uku ina duba takardar ina neman inda ta yoyo. Ban gani ba.

A kasuwar Aliero dillalai na cin nasu a kan kowane buhu, don haka na ce gona zan je. Aka kwatanta mini wani manomi a Liba, Tamu, wai yana cire tasa a makon. Na hau mashin ɗin haya tun da safe.

Ban taɓa ganin albasa mai kyan tasa ba. Ja, manya, sai sheƙi, in ka ɗauki ɗaya kamar dutse. Matasa na cirewa suna yanke lawashi, wasu na durawa a buhu. Ƙasar fadamar na kama mini takalmi, na riƙa goge taɓo a jikin ciyawa ina jin haushin ban zo da silifa ba.

Tamu mutum ne mai fara'a, haƙorinsa ɗaya ya fita.

"Samari, buhu nawa kaka so?"

"Ashirin da huɗu."

"Madalla. Mota na jiranka ke nan?"

"Kusan haka."

Ban ga dalilin buɗe masa cikina ba. Ya rage mini kuɗi ba tare da na matsa ba, har ya ƙara mini kwando ɗaya na kai wa Inna. A hanyar dawowa, a bayan a-kori-kura, na zauna kan buhunan ina jin kamar na girme wa kowa a Jega.

Buhu takwas na kai Mungadi, bayan gidan Gwaggo Luba, ƙanwar babanmu. Takwas na kai Aliero, na kama hayar rudu a layin da manyan 'yan kasuwa ke ajiye tasu. Takwas na ƙarshe na kai Jandutsi wurin Kawu Shehu, wan Inna. Kuɗin mota zuwa wuri uku ya ci abin da dillali zai ci har da ƙari. Na ce ba komai, matar ta faɗa, kariya ba ta zuwa kyauta.

Kawu Shehu ya shekara arba'in yana ɗaura rudu. Ya ɗaura mini nawa bai karɓi ko sisi ba. Da ana juye buhun farko ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya kai hanci.

"Kalilu, wagga daga ina?"

"Liba."

"Liba wurin wa? Ka ko tambayi..."

Na san abin da ke biye. Duk dangi sun ji Inna ta ba ni kuɗin sa, kuma kowa na da abin faɗa. Na tari numfashinsa.

"Kawu, na yi lissafin komai. Ba abin da ban duba ba."

Ya dube ni. Ya dubi albasar. Ya mayar da ita kan tarin a hankali.

"To. Allah shi sa albarka."

Daga nan sai jira. Kowace Asabar na karɓi aron mashin ɗin Idris na zaga: Mungadi, Aliero, na dawo ta Jandutsi. Zafin bazara ya sauka, titi na rawa a ido. Ina duba jinka ko ta zame, ina duba ƙafafun rudu ko gara ta hau, ina duba sawun mutum a kewaye. Na share ciyawa busasshiya taku goma daga kowane rudu saboda wuta. Komai na rubuta da kwanan wata. Gwaggo Luba takan ba ni fura, ta tambayi Inna, na ce tana lafiya, shi ke nan hirar. A Jandutsi kuwa nakan daidaita zuwana da lokacin da Kawu ke gona.

Wani lokaci nakan tsaya a hanya tsakanin Maiyama da Jega, na kashe mashin a inuwa, na zauna. Ba don gajiya ba. Babu dai wanda ke jirana a ko'ina, kuma abin da ke kaina ba mai ji. Fulani na wucewa da shanu, mu ɗaga wa juna hannu.

A gida Inna ba ta tambaya. Sai dai in na shigo ta dubi fuskata kafin ta dubi kwanon da za ta miƙo mini. Turken san na nan, ba ta cire ba.

Asabar ta shida na isa Mungadi da hantsi. Tun daga bakin zaure na ji warin. Gwaggo na tsaye da tsintsiya.

"Ɗan nan, kwana ukku ke nan. Na zaci ɓera na yam mutu."

Na ɗaga jinkar. Na sama lafiya lau, ja, suna sheƙi. Na tura hannu ciki har gwiwar hannu, yatsuna suka nutse cikin abu mai ɗumi. Na zaro su da baƙin ruwa. Ƙananan ƙudaje suka tashi.

Na zauna a ƙasa na ɗan lokaci. Abin da zan faɗa yanzu ba ya yi mini daɗi, amma haka aka yi: a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu kamar jin daɗi. Ga shi abin ya zo, ga shi kuma na shirya masa. Da wani ne, da duka jarinsa ke cikin wannan rudun. Ni kashi ɗaya cikin uku ne. Har na fara tsara yadda zan faɗa wa Mas'ud.

Na ce da Gwaggo zan dawo na tsince. Na hau mashin sai Aliero.

Layin rudun Aliero dogo ne, sun fi hamsin a jere. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina shaƙar iska. Ƙamshin busasshiyar albasa kawai, har na zo nawa. Ban ma ɗaga jinkar ba. Ruwa na ɗiga ta ƙasa, ya yi baƙin tabo a ƙasa kamar inda aka zubar da man mota. Na maƙwabcina na dama, tazarar taku biyu, ƙasansa a bushe ƙayau.

Ban tuna yadda na tuƙa zuwa Jandutsi ba. Na iske Kawu Shehu a bakin rudun nawa, ya riga ya kware jinkar. Ya shimfiɗa buhuna a inuwa, yana zaune yana ware masu rai gefe guda, ruɓaɓɓu yana jefawa cikin kwando. Bai ɗago ba.

"Tun shekaranjiya nika son aika maka. Ga ka."

"Kawu, ta Mungadi ma. Da ta Aliero."

"Ai dole."

"Dole kamar yaya? Wuri uku daban-daban. Tsakanin nan da Mungadi tafiyar..."

"Gona guda dai ko?"

Ya ɗauko ɗaya mai kyan gani, ya miƙo mini.

"Danna wuyanta."

Na danna. Ya lotsa, ruwa ya fito.

"Albasar da za a aje, sai an yanke mata ruwa sati biyu ko ukku kahin a cire. Lawashi shi kwanta da kainai, wuya shi bushe shi rufe. Kuma ba a cika mata takin zamani. Wagga ko an ba ta ruwa har ranar cirewa, don ta yi nauyi ta cika buhu. Ta mota ta. A loda yau, jibi tana Kudu, a cinye. Mai ita bai cuce ka ba, in dai ba ce mai kay yi ajiya za ka yi ba. Ka hwaɗa mai?"

"A'a."

"Ƙasar gonar, da kat tahi, a bushe take ko da danshi?"

Na tuna takalmina.

"Kawu, kai ka gani tun ranar. Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Sai a lokacin ya ɗago.

"Na buɗe baki. Kac ce ka yi lissahin komi. Ni ban yi boko ba, nac ce wataƙila akwai wata dabara cikin waya wadda ban sani ba." Ya jefa wata a kwando. "Kuma na ji haushi, ba ni ɓoye maka. Da na haɗiye shi na bi ka har gida. Kuɗin ƙanwata na. Wanga laihina na."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na tuɓe riga na zauna kusa da shi, muka yi ta tsinta har azahar ta wuce.

Kwana huɗu na yi ina tsinta a wuri ukun. Abin da ya fita da rai bai kai buhu tara ba, su ma Kawu ya ce kada su ƙara mako. Na kai su kasuwar Aliero. Har lokacin albasa na nan jibge ko'ina, farashi bai motsa ba. Dillalin ya tura hannu cikin buhu, ya shinshina yatsunsa, ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Na karɓa. Ruɓaɓɓun kuwa sai da na biya mai amalanke ya kwashe, don masu rudun kusa sun fara magana.

Ranar da na koma shago na buɗe darussan, ina neman inda matar ta yi mini ƙarya. Ban samu ba. Yana nan a darasi na tara. Ta ce rarraba jari ba ya kare ka in duk abubuwan da ka zuba wa kuɗi tushensu ɗaya, don abin da ya kayar da ɗaya shi zai kayar da sauran. Ta ba da misali da kamfanoni uku masu sayen kaya wurin mutum guda. Na duba littafina. Na ma rubuta shi da hannuna, da Hausa, har na ja layi a ƙasa. Kamfanoni na gani a wurin. Ban ga albasa ba.

Mas'ud ya leƙo ta taga. Labari ya riga ya zaga.

"Farfesa..." Ya tsaya. Ya sosa ƙeya. "Allah shi maida alheri."

"Amin."

Ya ɗan jira ko zan ƙara wani abu, sannan ya tafi.

Na sami Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Na durƙusa na ajiye kuɗin a gefen tabarma. Na faɗa mata komai, har da taɓon takalmi, har da yadda na katse Kawu. Ban taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba. Ta ci gaba da tankaɗe har na gama.

"Shi ke nan abin da yar rage?"

"Shi ke nan."

Ta goge hannu a zane, ta ɗauka, ba ta ƙirga ba.

"Inna, in kin bar mini shi, baɗi na san abin da zan duba. Kawu zai raka ni gonar. Yanzu na gane inda..."

"Auta."

Na ɗago na dube ta.

"Wanga bai sayen maraƙi. Tunkiya shika saye, wataƙila biyu. Su nika iyawa." Ta ɗaure kuɗin a bakin zane. "Ban ce ka ci amana ba. Ka ji? Ban ce ba."

"Na ji."

"Akwai tuwo cikin kwano."

Hadarin farko ya haɗu a makon, ya zubar da ruwa kaɗan, ƙasa ta yi ƙamshi. Usama ya dawo daga Kudu ranar Talata. Bai yi mini dariya ba, bai kuma yi mini jaje ba. Ya ce Alhamis za su yi lodi a Aliero, na zo da takalmi mai rufi da bargo, don in an wuce Neja akwai sanyin ruwa. Na mayar wa Idris makullin shago. Ya ce wurin na nan in na dawo, mu duka mun san ya riga ya yi wa wani magana.

Ranar Alhamis Inna ta rako mu har bakin zaure, abin da ba ta saba ba. Ta ba Usama ƙullin ƙuli-ƙuli, ta ce ya riƙa tsayawa yana barci. Ni ta dube ni kawai, ta gyara mini wuyan riga.

Buhu ɗari biyu da wani abu muka loda, na wani Alhaji da ban ga fuskarsa ba. Kafaɗata ta saɓule tun kafin rabi. Da aka ɗaure tamfol Usama ya leƙo daga gaba.

"Akwai wuri nan ciki, in ka matsa."

"Bari na zauna sama."

"Kai dai ka sani."

Motar ta hau titi da la'asar. Muka ratsa Jega ba tsayawa. Na hango dogonyaron, da mutane a gindinsa, ba wanda ya ɗaga kai. Buhun da nake zaune a kai, inda tamfol bai rufe ba, ya ɗan yage a baki. Na zaro ɗaya na danna wuyanta. A bushe yake, ya rufe gam. Na mayar da ita, na ja bakin buhun na ɗaure.